Shin ana cire kuɗin taki kafin a fitar da zakkar gero?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a ƙasar Argungu. Bana na noma gero da maiwa da dawa. Takin zamani bashi na ci, ga kuɗin 'yan ƙwadago na noman firi da maimai, ga wuta-wuta ta cinye mini gefe guda na gonar. Shin zan cire abin da na kashe kafin in fitar da zakka? Kuma ana haɗa gero da dawa wajen cika nisabi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu.

Mu fara da nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke wajaba a kansa, don sai ya cika ake maganar sauran. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id Alkhudri cewa babu zakka a abin da bai kai wusuƙi 5 ba. Wusuƙi ɗaya sa'i 60 ne, sa'i kuma mudun Annabi (SAW) 4, wato nisabin sa'i 300 ne ko mudun Annabi 1,200 na tsabar hatsi bayan an sussuke an sheƙe. Wasu malaman zamani sun ƙiyasta shi da kilo 653 na alkama, amma asalin hukuncin awo ne, nauyin gero kuwa ba daidai yake da na alkama ba. Dami ba ma'auni ba ne, don ɗaurin wani ya kusa ninka na wani. Ka sussuke dami ɗaya matsakaici, ka auna, ka lissafa sauran a kansa.

Gero da dawa ba a haɗa su. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa. Idan geronka rabin nisabi ne, dawarka ma rabi, babu zakka a kanka. Maiwa dai gero ce mai jinkirin nuna, don haka ana haɗa ta da gero matuƙar an shuka ta kafin a girbe shi, kamar yadda aka saba a damina, kuma akwai sauran geron farko da zai cika nisabin.

Batun taki shi ne ya fi damun manoma yanzu, kuma ban ga laifinsu ba. A mazhabar Imam Malik, wadda ake bi a ƙasar nan, ba a cire kuɗin noma, bashi kuma ba ya kayar da zakkar hatsi. Haka jumhurun malamai suka tafi. Dalili shi ne hadisin Ibn Umar a Buhari: abin da ruwan sama ko idon ruwa ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban ruwansa a fitar da rabin haka. Shari'a ta san noma da wahala, amma wahalar ban ruwa kaɗai ta yi wa rangwame. A zamanin Annabi ana sayen iri, ana huɗa, ana biyan ma'aikata, ba a ce a cire ko ɗaya ba. Allah kuma Ya ce a aya ta 141 ta Suratul An'am a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa, wato haƙƙin yana rataye da amfanin gonar ne, ko mai gonar na da bashi ko babu.

Akwai wani ra'ayi, kuma ba na wasa ba ne. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa manomi ya biya bashin da ya ci saboda gonar, sannan ya fitar da zakkar abin da ya rage, kuma Shaikh Yusuf Alƙardawi ya karkata ga cire kuɗin taki da makamantansa. Wanda bashi ya yi wa katutu har zakkar za ta bar iyalinsa da yunwa, ba zan ce ya saɓa ba in ya bi wannan. Sai dai ni abin da nake ba da fatawa da shi shi ne na farko, domin in aka buɗe ƙofar cire-cire, wani har kuɗin man babur ɗin zuwa gona zai lissafa, talaka ya tashi a tutar babu.

Abin da wuta-wuta ko tsuntsu ya ci kafin girbi babu komai a kanka. Amma damman da ka biya masu girbi da su ladan aiki ana lissafa su, haka tumun da aka ci bayan geron ya ƙosa, gwargwadon ƙiyasi. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: sai an sallami 'yan ƙwadago da 'yan uwa tukuna a fara ƙirga dami. Al'adar ware dami ɗaya cikin goma a bakin rumbu ta yi daidai, muddin nisabi ya cika kuma ba a tsinto ƙananan dammai ko masu ƙaiƙayi aka ba miskinai ba.

In kuma kana noman shinkafar rani da injin ban ruwa a fadama, lissafinta daban ne: ɗaya cikin 20, kuma a wajen Malikiyya da ɓawonta ake auna nisabin.

Wallahu a'alam.