Amsa: Me ya sa makanta ta fi yawa a tsakanin tsofaffinmu na Arewa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce idonsa ya yi fari har ba ya gane hanyar masallaci, kana tambaya ko gaskiya ne abin ya fi damun tsofaffin Arewa. Gaskiya ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. A Arewa maso Gabas kashi 6.1 ne, a Kudu maso Yamma kuwa 2.8 kawai.

Babban sanadin shi ne yanar ido, kusan kashi 43 na makantar. Abin da ke ci mini rai shi ne aikin cire ta yawanci ba ya wuce rabin awa, a sa ƙaramin gilashi a cikin idon, mutum ya dawo yana gani. Amma likitocin ido sun taru a manyan birane. Tsohon da ke ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na ɗan rakiya, mata kuwa su ne aka fi bari a ɗaka ana cewa tsufa ne.

Don Allah kada ku bari masu yawo ƙauye-ƙauye su tura masa yanar da allura, idanu da yawa sun mutu a haka. Ku kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Ku ce a auna masa hawan jinin ido ma, domin shi abin da ya cinye ba ya dawowa.