Tambaya da Amsa: Kuka a ranar tunawa rashin bangaskiya ne?

Tambaya: Baba Fasto, salama. Mamata ta rasu bara, muna shirin sujadar godiya ta cika shekara, sai wata uwa a zumuntar mata ta cocinmu ta ce in daina kuka wai rashin bangaskiya ne. Kuma in ana wa'azin dawowar Yesu tsoro nake ji ba murna ba. Lafiyata kuwa?

Amsa: 'Yata sannu da rashi, Allah ya ta'azantar da ku. Lafiyarki ƙalau. Buɗe Yohanna sura 11, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Baitanya, Yesu ya san sarai zai tashe shi, amma a aya 35 ya yi kuka. Toh waye zai ce masa bai da bangaskiya?

Irin damuwarki ce ta sa Bulus ya rubuta 1 Tasalonikawa 4:13-18, 'yan'uwa can suna tsoron wai waɗanda suka riga su mutuwa za a bar su a baya in Ubangiji ya zo, shi ne ya ce musu a'a, matattu cikin Almasihu su ne ma za su fara tashi, sannan masu rai a haɗa su tare. Bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ne ya hana. Kinga ranar da kike tsoro ɗin nan ita ce ranar da za ki sake ganin Mama.

Tsoron kuma ina ganin mu masu wa'azi muna da hannu, mun cika maganar wuta. A Matiyu 25 'yan mata goman nan biki suke jira, ango ne ke zuwa! Shiri shi ne zuba mai a fitila tun yanzu kafin ango ya iso, ki shirya da wanda kuke gaba, ki biya bashi, ki riƙe addu'a. Masu tura bidiyo a WhatsApp suna sa ranar dawowar Yesu kam ki share su, Matiyu 24:36 ta ce ko mala'iku ba su sani ba.

Ranar sujadar ku fito da zanen zumuntarta da Littafi Mai Tsarkinta da ta ja wa layi da biro, ku rera waƙar da take so, ku ba jikoki labarinta. Amma don Allah kar a ci bashi saboda anko da rumfa. In hawaye ya zo ki bar shi ya zuba, ki kuma karanta wa ƙannenki Tasalonikawan nan daren jajibere.