Me Bature ke nufi da "give him an inch and he'll take a mile"?

Ka tambaya ko maigidanka awo yake nufi da ya faɗi wannan magana a kan wani mai saye da ke yawan neman ragi. A'a, ba maganar awo ba ce, ko da yake fassararta kai tsaye ita ce "ka ba shi inci ɗaya, zai ɗauki mil ɗaya". Gargaɗi yake yi maka cewa mutumin mai son samun wuri ne, in ka sassauta masa kaɗan yau, gobe zai wuce gona da iri. Inci ɗaya santimita 2.54 ne kacal, mil ɗaya kuwa inci 63,360 ne, to ka ga nisan tazarar. A tsohon Turanci ma ba mil ake cewa ba, "ell" ake cewa, wani ma'aunin yadi na Ingila mai tsawon inci 45.

Sharaɗi ɗaya dai, kada ka faɗa wa mutum ita a gaban idonsa, musamman a wurin aiki, domin zargi ne na haɗama. Ni a bayan ido nake jin ana amfani da ita, tsakanin abokan aiki. Kuma kada ka haɗa ta da "he won't budge an inch", wannan ta mai taurin kai ce, wanda ya kafe a kan farashinsa, ko sisi ba zai rage ba.