Hoto naka, kuɗi a aljihun wani

Wani matashi daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto: "Malam, ina da shagon kayan waya, kuma ina ɗaukar hoton wasanni, ƙwallon Coton Sport da sukuwar dawakin Lamiɗo ranar Sallah. Na ga masu ɗaukar hoton 'yan zamiya kan dusar ƙanƙara a titunan Kanada da Finlan, mujallu suna buga aikinsu. Ina so in sayar da shagon in sayi kyamara ta sefa miliyan ɗaya da rabi. Yanzu ɗan kawuna da ke Yawunde nake tura wa hotuna ta WhatsApp yana nema mini kasuwa, amma shekara guda ko sisi ban gani ba."

Ƙanena, bar zancen dusar ƙanƙara tukuna, kai da zafin Afrilu ke fitar da kai kwana a tsakar gida. Kuma kada ka taɓa shagon nan. Waɗancan Turawan da suka burge ka, akasarinsu ba hoton mujalla ke ciyar da su ba, aikin talla suke yi wa kamfanonin kayan wasa.

Ciwonka yana cikin layinka na ƙarshe. Shekara guda kana tura haja Yawunde, hoto nawa ka tura? Wace jarida ya kai wa? Nawa aka taya? Na rantse ba ka da amsa. Cajar waya ɗaya ba za ka ba da bashi ba sai ka rubuta a littafi, amma hotunanka ka saki kamar sadaka don kawai ɗan kawu ne. Ban ce ɓarawo ba ne. Ko waliyyi ne, babu yadda za ka gane.

Ranar 11 ga Janairu 2022, da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin ƙwallon Roumdé Adjia na Garwa, wani yaro da na sani ya ɗauki hoton wani dattijo a bakin ƙofa, ya yafa tutar Najeriya a kan babbar riga, rediyo manne a kunne, hula ta karkace. Hoto na gani na faɗa. Ya tura wa mijin yayarsa. Bayan kwana uku ya gan shi a wani shafin labarai da sunan wani a ƙasa. Ya zo mini a fusace, na ce kawo ainihin hoton. Ashe ya goge katin kyamarar don ya sami wurin ɗaukar biki. Sai na WhatsApp ya rage, shi kuwa WhatsApp matse hoto yake yi, ya cire bayanan kyamara da ranar ɗauka. Magana ta mutu, har yau ba ya gaisawa da surukin.

Saboda haka ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi, ka adana a wuri biyu. Edita kai za ka nema da kanka ta imel, hoto biyar zaɓaɓɓu masu ƙaramin nauyi, da sunanka a jiki, da bayanin wane ne, ina, yaushe. Babban hoton ba ya barin hannunka sai an rubuta farashi da sau nawa za a buga, ko da sefa dubu goma ne ta Orange Money, hanyar tura kuɗi ta waya.

Dawakin nan su ne jarinka, domin ɗan Kanada ba shi da su. Kafin Sallah mai zuwa ka kira ɗan kawunka, cikin ladabi, ya rubuto maka duk inda ya kai hotunanka. Sai ka turo mini amsarsa.