Amsa ga mai son komawa bayan Niamey 2000

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya ce kuɗin haya sun ishe shi a unguwar Wadata ta birnin Yamai, an yi masa tayin fili can bayan unguwar Niamey 2000 ta hanyar Filinge, yana son ya ji yadda zaman wajen yake tunda aikinsa a unguwar Plateau ne: a wannan yankin nake zaune da iyalina, tun lokacin da in ka leƙa bayan katanga gonakin hatsi kake gani. Bari in faɗa maka abin da na sani.

Kafin ka ba kowa ko dala, ka je filin sau biyu, a watan Afrilu da kuma watan Agusta. Masu sayar da fili sun fi son kai mutum lokacin sanyi, ƙasa ta bushe, iska na kaɗawa, ko'ina ya yi kyau. Afrilu ne zai nuna maka maganar ruwa da wuta, Agusta kuma ya nuna maka hanya. In ba za ka iya jira ba, ka zauna da mai shagon da ya fi kusa da filin, ka sayi shayi, ka tambaye shi inda ruwan sama yake bi da inda yake kwana. Shi ba ya da riba a cinikin, gaskiya zai gaya maka.

Hanya ce babbar magana. Kada ka auna nisan filin da tsakiyar gari, ka auna nisansa da kwalta. Mutum biyu suna iya cewa a unguwa ɗaya suke, amma ɗaya yana fitowa ya tari faba-faba, wato ƙananan motocin bas na haya, a bakin titi, ɗayan kuwa sai ya ratsa rairayi mai nisa kafin ya ga mota. Da rani rairayin yana kada mai babur, da damina tabki ya tare hanya, mai taksi ya ce ba ya shiga, ko ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu. Bayan isha'i faba-faba sukan yi wuya. Kai da za ka riƙa zuwa Plateau kullum, lissafinka ya haɗa da man babur, da gyaransa, da abincin rana da za ka riƙa saye a gari domin ba ka iya komowa gida. Na san waɗanda suka gudu daga haya, da suka zauna suka yi lissafi sai suka ga rabin abin da suka tsira da shi hanya ta cinye. Cunkoson safe ma yana nan, domin duk mutanen yankin ta hanya guda suke kwararowa zuwa Wadata da babbar kasuwa da Katako. Ni da na idar da sallar asuba nake shiri.

Sai ruwa. Ruwan famfon Yamai daga kogin Kwara ake jawo shi, a tace a Goudel da Yantala, wato can yamma da gari, mu kuma muna ƙarshen bututu ta gabas. Da zafi, lokacin da kowa ke buƙata, a wurare da yawa sai tsakar dare yake isowa, mata su tashi su cika bido da randa. Inda bututu bai kai ba kuwa, ƴan garuwa ne, da foraj, wato rijiyar burtsatse, na masu hali waɗanda suka kafa tanki suna sayarwa. Kuɗin garuwa ya ninka na famfo nesa ba kusa ba, kuma gini kansa yana shan ruwa, mutane suna mantawa da wannan sai an fara buga bulo. Ka tambaya ko bututu ya wuce ta layin filin, ka gani da idonka. "Yana nan zuwa" ba amsa ba ce.

Wuta ba zan daɗe a kanta ba. Kowa ya tuna abin da aka sha a 2023 da aka katse layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, kuma tun lokacin gidaje da yawa a wajenmu suka sa faifan hasken rana da batir. Ya isa fitila da fanka da cajin waya. Abin dubawa shi ne nisan turken wuta na ƙarshe, domin in da nisa, jawo layi aljihunka ne ko na ku maƙwabta in kun haɗa kai.

Takardu kuma, nan ne ake kuka. Yawancin filayen nan gonakin gado ne na iyalan Zabarmawa na tsofaffin ƙauyukan da gari ya haɗiye. Wani filin an yanka shi bisa ƙa'ida, yana da lambar rukuni da lambar fili da takardar da ake kira acte de cession. Wani kuwa takardar gargajiya ce kawai daga mai gari, kuma in magada ba su gama rabo ba, gobe wani ɗan uwansu ya zo ya ce da rabonsa aka sayar. A layinmu an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, har yau katangar rabi ce. Ka kai lambobin ma'aikatar magajin gari a duba, ka ɗauki mai awon fili naka ya nemo turakun siminti na kusurwa huɗu. Ka kuma tabbata filin bai faɗa cikin dajin dogon yaro da ya kewaye gari ba, wanda aka fara dasawa a 1965, ko cikin wurin da aka ware wa makaranta ko hanya. Araha ba ta ado.

Wani ya ce maka gara Harobanda, can ƙetaren kogi, tunda yanzu gada uku ce, ta Kennedy ta 1970, ta biyu ta 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021. Gaskiya ne ƙetarewa ta yi sauƙi, kuma ga jami'ar Abdou Moumouni kusa. Sai dai can a dubi tudu. A Satumban 2020 da madatsar bakin kogi ta ɓalle, Lamordé da Karadjé da Kirkissoye sun sha ruwa. Mu nan kogi ba ya zuwa mana, namu ruwan sama ne da rashin magudana, da sauron da ke biyo baya.

Duk da haka ban yi nadamar fitowa ba, kuma ba na jin zan koma. Ƙarshen wata ba wanda ke buga mini ƙofa. Tsakar gida ta ishi yara wasa, uwargida tana kiwon tumaki da kaji, mun dasa zogale da lemun tsami. Dare ya fi na cikin gari sanyi da shiru. Tunda kowa baƙo ne, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace, zumunci yakan ƙullu da wuri: tare muka gina masallacin layi, tare muke tara kuɗi a zubo jar ƙasa a ramukan hanya kafin damina, yaranmu kuma sun fi mu jin Zabarmanci. Amma ka yi shawara da mai ɗakinka da gaske, domin kai fita za ka yi da safe, ita za ta wuni da nisan kasuwa da nisan dangi. Biki ko rasuwa a cikin gari wuni guda ne cur. In tana da juna biyu ko akwai tsoho a gidan, ka san tun yanzu wane maƙwabci ne mai mota, ka riƙe lambarsa, domin naƙudar dare ba ta jiran taksi. Makarantun gwamnati akwai, amma azuzuwan sun cika, wasu ma na zana ne, shi ya sa masu zaman kansu suka yi yawa, wannan ma kuɗi ne.

Game da ɓarayi da ka tambaya: gidan da ba kowa da kayan gini da aka bari a fili su suka fi jan su. Kada ka tara siminti da ƙarfe sai ranar aiki. Da yawa sukan fara da katanga da ɗaki ɗaya, su sa mai gadi da iyalinsa su zauna har a gama.

In filin bai yi nisa da kwalta ba, bututu ya iso, takarda ta fito tsaf, ka saya. In biyun farko ne suka rasa, ka saya ka kewaye in kana da hali, amma ka ci gaba da zama a Wadata tukuna. Kafin ka yanke, ka kama hayar ciki da falo a Niamey 2000 ka yi damina guda, ka ga ko jikinka da babur ɗinka za su ɗauka.