Wata goma sha huɗu mijina na tsare, ana ta ɗage shari'a

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yanmu uku. Mijina yana sayar da waya a kasuwa. Bara aka kama shi bisa zargin ya sayi wayar sata. Yau wata goma sha huɗu yana gidan gyaran hali, ba a ce ya yi laifi ba, ba a kuma sallame shi ba. Duk ranar zama sai a ce shaida bai zo ba, ko mai gabatar da ƙara ya yi tafiya. Har alƙalin aka canza, aka ce za a faro daga farko. Yanzu wani mutum ya zo wa surukina, ya ce a kawo dubu ɗari huɗu, yana da hanya. Surukina na shirin jinginar da gonarsa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?
Daga 'yarki a Daura.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya kawo muku mafita.

Da farko, ki roƙi Baba ya bar gonar nan. Mai cewa yana da hanya ba ya rubuta rasit, in ya ci kuɗin ba inda za ku kai ƙara, don ku ma kun shiga laifin ba da cin hanci. Ki samu wani dattijo da Baba ke jin nauyinsa ya faɗa masa, maganar ta fi shiga ta nan.

Abin da mutumin nan ke son sayar muku, doka ta riga ta ba mijinki kyauta. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma haƙƙinsa ne a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace. Sashe na 35 ya ce wanda ke tsare, in ya kai wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ne. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware, sayen wayar sata kuwa ba ya ciki. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta ce kowane ɓangare kada ya wuce neman ɗagewa sau biyar, jihohi kuma sun yi nasu dokokin a kan wannan turba. A takarda kenan. A zahiri kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, da yawansu don ba su da mai tsaya musu.

Saboda haka ku nemi lauya, ba dillali ba. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Katsina, aikinta kare marasa hali ba tare da kuɗi ba. Ki tafi da lambar shari'ar, sunan kotun, da ranakun da aka ɗage zama. Lauya zai iya neman beli a Babbar Kotu, ko ya roƙi a kori ƙarar tunda masu ƙara sun kasa kawo shaidu. Ki tambaye shi kuma batun ziyarar da Babban Jojin Jiha ke kaiwa gidajen gyaran hali, inda ake sallamar waɗanda suka daɗe a tsare.

Tun yanzu ku tanadi mutum biyu masu mutunci da za su tsaya masa, don da yawa an ba su beli amma rashin mai tsayawa ya bar su a ciki.