Tambayi Bakanike: Mashin ɗina na kasala in na hau Mambila

Tambaya: Salamu alaikum Oga. Ina da Bajaj Boxer, ina kai kaya daga Jalingo zuwa Gembu. A ƙasa lafiya lau yake, amma da na wuce Mayo Selbe na fara hawa sai ya riƙa shaƙewa, in na ja totur ba ya amsawa, ga baƙin hayaƙi ga shan mai. Wani ya ce ringin fistin ne, in sauke inji. Don Allah mene ne gaskiya? (Daga wani mai karatu a Jalingo)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sauke inji tukuna, da ringi ne ai ko a Jalingo zai nuna, kuma hayaƙinsa shuɗi-shuɗi ne mai warin baƙin mai, ba baƙi ba. Naka matsalar iska ce.

Jalingo ba ta kai mita 400 daga teku ba, saman Mambila kuwa wajen mita 1,600 ne, kuma duk hawan mita 1,000 iska na yin sako-sako da kusan kashi 10 cikin 100, shi kuma kafireto, wato mai haɗa fetur da iska, bai san ka hau dutse ba, fetur ɗin da ya saba bayarwa shi yake ta zubawa, sai mai ya fi ƙarfin iska ya kasa ƙonewa duka. Kwance fulogi ka gani, zai yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Fulogi mai kyau ruwan ƙasa-ƙasa yake.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wanke soson iya kilina (matatar iskar inji), don ƙurar hanyar Bali zuwa Serti kaɗai ta isa ta toshe shi, ka kuma tabbatar cok, wato abin da ake ja don tada inji da sanyi, bai maƙale ba. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa wallahi.

In bai daina ba sai a zo kan sukurun iska da ke jikin kafireto. Bari inji ya yi zafi, ka fara ƙirga zagaye nawa sukurun yake a kwance yanzu ka rubuta (mutane ba sa yi, daga baya a zo ana kame-kame). In sukurun yana ɓangaren iya kilina, kwancewa waje ke ƙara iska, in kuma yana ɓangaren inji to na mai ne, ɗaurewa ciki ke rage man. Kwata-kwatan zagaye za ka riƙa yi kana saurare, inda ƙarar ta fi tashi ta daidaita nan za ka tsaya, sannan ka gyara silo, wato gudun inji in ba ka ja totur ba.

Amma fa shi wannan sukurun, silo da farkon totur kawai yake gyarawa. Tsakiyar totur aikin allurar cikin kafireto ne, in taka mai layi-layi ce a ɗaga kilif ɗin sama da layi ɗaya, allurar ta sauka mai ya ragu. Babban jet kuma, wato kafar da fetur ke fitowa a kafireto, na ƙarshen totur ne, kuma ni dai ba zan ba ka shawarar canza shi ba tunda hawa da sauka kake. Wanda ke zaune a Nguroje ko Gembu shi zai iya sa mai ƙaramar lamba, mataki ɗaya.

Dalilina, in ka rage mai a sama ka gangaro Serti da saitin nan cikin zafi, yanzu iska ce ta yi yawa, inji zai ɗau zafi, fulogi ya yi fari, salansa na harbi in ka saki totur, ƙarshe fistin ya kama. Mai ya ɗan yi yawa asarar fetur ce da fulogi, ya yi kaɗan kuwa inji ne gaba ɗaya. Don haka sukudireba a aljihu, kana sauka ka mayar da sukurun inda ka rubuta.

Kuma ko an saita ƙarfin ba zai dawo kamar na ƙasa ba, sai dai ka rage lodi ka hau da ƙaramar giya. Masu zuwa Jos ba sai sun taɓa komai ba galibi, wajen mita 1,200 ne, iya kilina mai tsabta ya wadatar.